ABU, BUK ko Danfodiyo: abin dubawa kafin a cike fom ɗin JAMB

Yawancin ɗalibai sunan jami'a suke zaɓa, sai an shiga aji biyu a gane cewa sashe da harabar da aka faɗa su ne karatun. Jami'o'in nan uku duk na gwamnatin tarayya ne, amma kowacce da inda ta fi kauri, kuma asalinta ne ya jawo haka.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ce babbar yaya. An buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962, aka haɗa mata cibiyoyin da suka girme ta, irin su cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da makarantar koyon mulki ta Kongo. Shi ya sa har yau aikin gona, likitan dabbobi, injiniya da zanen gine-gine suke da jijiya mai zurfi a can. Sai dai a lura: mai karatun shari'a harabar Kongo zai zauna, ba babbar harabar Samaru ba, ɗalibin likita kuma in ya kai shekarun asibiti Shika ta kira shi. Wanda ya kama ɗaki a Samaru alhali laccarsa a Kongo take, kuɗin mota kaɗai zai cinye masa guzuri.

Ta fuskar littattafai ma ABU ce a gaba. Babban ɗakin karatunta, na Kashim Ibrahim, yana Samaru, Kongo kuma tana da nata mai sunan Shugaba Kennedy. Mai binciken tarihi yana da ƙarin gata, domin Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, na ABU ne, cike da takardun mulki da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Farashin wannan girma shi ne cunkoso. Masu nema sun yi yawa, makin shiga likita da shari'a yana sama, kujerar ɗakin karatu kuma lokacin jarrabawa sai mai sammako.

Jami'ar Bayero ƙanwa ce da ta fito daga cikin gida. A 1960 ta fara a matsayin kwaleji a harabar makarantar koyon Larabci ta Kano, ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero ƙarƙashin ABU, ta tsaya da ƙafarta a 1977. Wannan tushe ne ya sa Larabci, ilimin addinin Musulunci, Hausa da shari'a suke da ƙarfi, aikin jarida kuma ya yi mata suna daga baya. Cibiyarta ta nazarin harsunan Nijeriya ce ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006. Babban ɗakin karatu yana sabuwar jami'a a titin Gwarzo, don haka wanda sashensa ke tsohuwar jami'a ya tambayi abin da reshen can ya ƙunsa tun kafin ya yi rajista. Ɗan Kano zai iya zuwa daga gida, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo an kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka sauya suna a 1988. Mazauninta na dindindin yana Dundaye, wajen gari, inda ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo yake. Wuri ne mai natsuwa, rayuwa ta fi araha, sai dai zafin Afrilu da Mayu ba wasa. Mai son nazarin daular Usmaniyya zai samu rubuce-rubucen hannu a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a cikin gari, wadda ta jiha ce, ba ta jami'a ba.

To, yaya za a auna? A fara da amincewar hukumar jami'o'i ta NUC, kuma ta kwas ɗin da ake so, ba ta jami'ar gaba ɗaya ba. Cikakkiyar amincewa shekara 5 take yi, ta wucin gadi shekara 2, kwas ɗin da aka hana wa kuwa ba ya da izinin ɗaukar sabbin ɗalibai. Likita, injiniya, haɗa magunguna da shari'a suna da hukumomin sana'a da ke sa nasu hannun, wasu har da ƙayyade yawan ɗalibai. Nan ne ake tafka asara: a gama digiri, a tsaya jiran gurbin makarantar horar da lauyoyi saboda an ɗebi fiye da ƙa'ida.

Sannan a san yadda ake raba gurbi: kashi 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Maki ɗaya zai iya shigar da yaro wata jami'ar ya kasa a wata. Kuma waɗannan jami'o'i ba su cika waiwayar wanda bai sa su zaɓin farko ba.

In da hali, a taka zuwa ɗakin karatun da ƙafa. A je kantar da littattafan kwas ɗin suke, a zaro guda biyar, a buɗe bayan shafin farko a ga shekarar bugu. Tsohon bugu ba laifi ba ne a tarihi ko nahawu, amma a kwamfuta ko haɗa magunguna matsala ce. A tambayi ma'aikaci littafi nawa ake ba ɗalibi aro da na kwana nawa, ƙarfe nawa ake rufewa, ko akwai sola in an ɗauke wuta, da ko kalmar sirrin shiga mujallun intanet tana aiki daga waya ko sai a cikin ginin. A leƙa sashen da ake ajiye kundayen digiri na sashen da ake nema, a ga na bana da na bara suna nan ko an tsaya tun da daɗewa.