Shamakin raba kifaye: abin da na gani bayan wata huɗu

Kifayen jaguwa biyu nake kiwo, namiji da mace, a tankin gilashi mai cin lita 450 a gidana da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Asalinsu yankin tsakiyar nahiyar Amurka ne, musamman tafkunan Nikaragwa, kuma danginsu ɗaya da karfasar da masunta ke kamawa a madatsar ruwa ta Tiga, sai dai jaguwa ya fi ta zafin rai nesa ba kusa ba. Sun zauna lafiya har suka yi ƙwai karo na farko. Da ƙwan ya lalace, sai namijin ya nemi a sake, alhali macen ba ta shirya ba, ya kuwa huce a kanta. Wata asuba na same ta maƙale a bayan bututun na'urar tace ruwa, jelarta a yayyage, launinta ya dusashe.

Ranar na sayi shamakin roba mai ramuka kamar raga a wani shagon kifin ado a Sabon Gari. Mai shagon ya ce da ni, "Alhaji, kada ka rufe gaba ɗaya, ka yanka ƙofa daidai jikin macen." Wannan shawara ta fi shamakin kansa daraja. Da yake namijin jaguwa ya fi mace girma sosai, ƙofar da na yanka tana ba ta damar zuwa wurinsa idan ta ga dama, idan kuma ya taso mata sai ta sulale ta koma ɓangarenta, shi kuwa kansa ba ya shiga. Ruwa na ratsa ramukan, suna ganin juna, saboda haka sabonsu bai yanke ba. Bayan mako uku ta nasa ƙwai a kan fallen tayil da na ajiye kusa da ƙofar, aka ƙyanƙyashe a rana ta uku, kuma tare suka yi gadi.

Aibin shamakin yana wajen robobin da ke manne shi da gilashi, waɗanda ba su da ƙarfin da za su jure kifi mai tsawon santimita 30. Lokacin bazara, da ruwan ya ɗumama faɗan ya ƙaru, sai namijin ya yi ta dukan shamakin da baki har ya karkace shi, kuma Allah ne ya sa ina gida. Dole na tokare shi da manyan duwatsu daga ƙasa, na ɗaure samansa da wani bututun roba. Gefen da na yanka ma sai da na goge shi da sanfefa, don kada ya ji mata ciwo.

Ina ba da shawarar sayensa ga mai kiwon jaguwa ko makamancinsa, amma mai kifin oska, wani kifin ado dangin jaguwa, ya yi tunani, domin namiji da macen oska kusan girmansu ɗaya, duk ƙofar da macen ta wuce namijin ma zai wuce. Ni dai ban cire nawa ba har yanzu, ko da yake na kwashe 'ya'yan zuwa wani tankin tun makon jiya.