Sharhi: yawon fadar Nijo ta Kyoto da na'urar jagora a kunne

Duk wanda zai shiga fadar Nijo da ke birnin Kyoto na ƙasar Japan, shawarata ya yi hayar na'urar bayani da ake bayarwa kusa da ƙofar shiga. In babu ita, ɗakuna ne kawai manya-manya shimfiɗe da tabarma, ba kujera ba gado, sai mutum ya fito yana tambayar me ya gani.

Ita ce ta warware mini zancen. Tokugawa Ieyasu ya gina wurin a 1603 don ya zama masaukinsa in ya zo Kyoto. Shi shogun ne, wato shugaban mayaƙa mai riƙe da mulki, Sarki kuwa yana can fadarsa da daraja amma ba iko. Jikansa Iemitsu ya faɗaɗa ginin a 1626 saboda ziyarar Sarki Go-Mizunoo.

Inda na fi daɗewa shi ne babban zauren sashen Ninomaru. Daɓen da shogun ke zama ya ɗara na sauran tudu, hakimai suna ƙasa sun durƙusa, kowa ya san matsayinsa ba sai an faɗa ba. Wanda ya taɓa zuwa gaisuwar Sallah a fada ba zai sha wahalar ganewa ba. A nan ne a 1867 shogun na 15 daga zuriyar Tokugawa, Yoshinobu, ya sanar da wakilan hakimai cewa zai mayar wa Sarki mulki. Gidan da aka gina don nuna ƙarfin Tokugawa, a cikinsa aka naɗe tabarmarsu.

A 1884 wurin ya koma hannun gidan sarauta. Da ba don na'urar ba, da ban lura an sauya tambarin Tokugawa da furen gidan Sarki a wurare da dama ba. A 1939 aka miƙa shi ga birnin Kyoto.

Katakon barandar yana kuka kamar tsuntsu in an taka. Ana cewa don tona asirin masu sanɗa ne, ni dai tsufan ƙusoshi na fi zargi. Dogon benen tsaro kuwa kada ku neme shi, tsawa ta ƙone shi a 1750, tushensa kaɗai ake hawa.

Ana cire takalmi, don haka ku sa safa mai kauri lokacin sanyi. Ba a ɗaukar hoto a cikin Ninomaru. Ku je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su iso, bayanin na son natsuwa.