Abin sauraren inji ɗin nan da na saya saboda kukan altaneta

Wata uku kenan ina amfani da abin sauraren inji ɗin nan, irin wanda likita ke sawa a kunne, sai dai shi wannan maimakon faifan da ake ɗorawa a ƙirji wani siririn ƙarfe ne dogo a bakinsa. Na ce bari in rubuta yadda muka yi da shi ko wani zai amfana, musamman masu tsohuwar a-kori-kura irin tawa da ta haura shekara ashirin tana ɗaukar kaya.

Farkon abin wani ƙara ne ya fara min a gaban inji, da safe in na tayar sai in ji ƙiiii na ɗan lokaci ya ɗauke. Na ce fambel ne, kuma gaskiya shi ɗin ne don da na yayyafa masa ruwa kaɗan ƙarar ta ɗauke na wasu daƙiƙu ta dawo. Na canza sabo na ɗaure shi tamau. To bayan kamar sati biyar sai wani sabon kuka ya fito daban da na farko, wannan gurnani ne kamar ana niƙa tsakuwa, in ka taka totur ya ƙaru in ka saki ya ragu. Matsalar ita ce a wajen nan komai a cunkushe yake, altaneta (wadda ke cajin batir) ga famfon ruwa ga famfon sitiyari, in ka buɗe bonet ka tsaya kunnenka ba zai taɓa gaya maka daga ina yake fitowa ba, wani ya ce min famfon ruwa ne wani ya ce in canza altaneta gaba ɗaya in huta.

Da can dogon sukundireba nake ɗorawa in kara kunne a ƙotar, kuma yana yi ba laifi, amma sai ka sunkuyar da kai dab da fanka tana juyawa, wallahi ban taɓa samun natsuwa da hakan ba. Shi wannan kana tsaye kanka a sama, hannu ɗaya kawai ke shiga.

Ranar da na fara gwadawa na bar motar a silo, na ɗora bakin ƙarfen a jikin famfon ruwa na ji shuuu mai laushi, na koma famfon sitiyari shi ma haka. Ina ɗorawa a gaban altaneta kusa da fuli, wato faifan da fambel ke juyawa, sai da na zare shi daga kunne, gurnanin ya cika min kai. Na koma bayanta, akwai ƙarar amma ba ta kai ta gaba ba. A nan ne abin ya burge ni, ba wai altaneta kawai ya nuna min ba, har ɓangaren da ciwon yake, wato boris ɗin gaba, zoben ƙarfen nan da sandar altanetar ke juyawa a cikinsa.

Amma fa kar wani ya ɗauka yana sayen abin nan ya gama. Ƙara tana bin ƙarfe, in ka ɗora a kan birakit ɗin da ke riƙe altaneta za ka ji kusan komai na injin a haɗe, har ƙarar bawul. Sai ka yi ta kwatantawa, nan da can, nan da can, inda ta fi tsanani nan ne. Kuma wuri yake nuna maka, ba ya gaya maka dalili. Altaneta tana iya yin kuka iri biyu, akwai na boris akwai na wuta, in dayod ya mutu a ciki (ƙananan abubuwa ne da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, yawanci guda shida ne) sai ta riƙa wani siririn fito da ke hawa da sauka tare da totur, wani lokacin har a rediyo za ka ji shi, kuma irin wannan ne ke shanye batir cikin dare mota na ajiye. Don in raba gardama sai na ɗauko mitar awon wuta. Inji a kashe batir ya nuna volt 12.6, da na tayar ya hau 14.1, ka ga caji lafiya lau tunda tsakanin 13.8 zuwa 14.5 ake so. Na juya mitar zuwa AC, wato awon wuta mai kai-komo wadda dayod ya kamata ya tare, na kunna fitilu, abin da ya nuna bai ko kusa da 0.5 ba, kenan dayod ƙalau suke. Daga nan na kashe na cire fambel na juya fuli da hannu, sai ka ji yana karta-karta kamar da yashi a ciki, ga ɗan wasa in ka girgiza shi. Shi kenan magana ta fito.

Af, tunda na ambaci caji, don Allah masu cire kan batir inji na aiki wai su ga ko altaneta na caji, a daina. Wutar na iya harbawa sama lokaci ɗaya ta ƙona regileta mai daidaita ƙarfin caji ko dayod ɗin da da lafiyarsu. Mita ta isa.

Mai wayarin da na kai wa ya buɗe ya nuna min boris ɗin ya bushe ƙayau babu ɗigon giris, ya ce ɗaurin fambel da ya yi yawa ne ya ƙarasa shi, don altaneta tana juyawa ninki biyu zuwa uku na gudun inji, in kuma ana jan ta gefe ɗaya da ƙarfi boris ɗin gaba ne ke shan wahalar. Ya ce in ka danna tsakiyar bel da babban yatsa ya kamata ya lotsa kamar santimita ɗaya. Boris biyun, na gaba da na baya, ya canza har da burushi tunda an riga an buɗe, altaneta tawa ta asali ta koma mazauninta.

Abin da ban ji daɗinsa ba a kayan, robar kunnen tauri gare ta, minti biyar kunne ya fara zafi, sai da na samo masu laushi na sa. Ƙarfen kuma biyu ne ake ɗaura su da juna kuma yana yawan kwancewa da jijjigar inji, sau ɗaya rabinsa ya faɗa ƙasan mota. Sannan yana ƙara sauti sosai, in bakin ya bugi wani abu ba shiri har cikin ƙwaƙwalwa za ka ji, shi ya sa yanzu sai na ɗora shi a hankali tukun nake gyara shi a kunne. Tiyon da ke haɗa ƙarfen da kunne ma yana reto, dole ka tattare shi a hannu, kai ma ka naɗe hannun riga saboda fanka da bel.

Duk da haka zan sake saya in wannan ya ɓata. Satin da ya wuce ma na sake ɗora shi a gaban altanetar bayan doguwar tafiya da kaya, shuuu kawai nake ji irin na famfon ruwa. Yanzu yana cikin akwatin sifanu bayan kujera, tare da mitar.