Manitoba ko Kansas?

A 1874 Kiristocin darikar Mennonite da suka baro kudancin Rasha don gudun aikin soja sun rabu gida biyu. Kanada ta ba su alkawari a rubuce: babu shiga soja, makarantu nasu, fili a dunƙule a lardin Manitoba. Masu tsananin riƙo da addini suka nufi can, suka kafa ƙauyuka irin su Steinbach, duk da azabar sanyi.

Sauran suka nufi Amurka, inda gwamnatin tarayya ba ta yi irin wannan alkawari ba, amma a jihar Kansas akwai ƙasa mai kyau ga alkama daga kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe. Daga cikinsu, jama'ar cocin Alexanderwohl suka zauna kusa da garin Goessel na Kansas.

Abin da ke ci mini rai shi ne dokar Manitoba ta 1916, wadda ta tilasta Turanci a makarantu, saɓanin alkawarin makarantu nasu. Dubban 'yan Mennonite na Kanada suka sake ɗaura kaya zuwa Meziko daga 1922.