Play Protect ya gargaɗe ni, na yi kunnen ƙashi

Wata takwas kenan da sayen wayar nan tawa ta Android, kuma gaskiya rabin manhajojin cikinta ba a Play Store na sauke su ba, a majalisa aboki zai tura maka APK, wato fayil ɗin da ake saka manhaja da shi, ta Xender ka huta da ƙona data. Tun daga Android 8 dai wayar sai ta tambaye ka ko ka yarda Xender ya saka maka manhaja, shi kuma Play Protect, tsarin tsaron Google da ke cikin wayar, ya duba fayil ɗin kafin ya shiga.

Ranar wani babban wasa, wani yaro a shagon caji ya tura min manhajar kallon ƙwallo kyauta, ina zuwa sakawa Play Protect ya ce abin nan zai iya cutar da wayata, ni kuma saura minti goma a take leda, kawai na danna na wuce. Ta nemi izinin karanta saƙonni da lambobin waya na ba ta. Kallon ƙwallo me ya haɗa shi da saƙonnina fisabilillahi? Sai bayan kwana uku na yi wannan tunanin, lokacin talla ta cika min fuskar waya, batir baya kai la'asar, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga. Da na tuna ta saƙon nan banki ke turo OTP sai da gabana ya faɗi. Na goge manhajar, na sa Play Protect ya sake sikanin, na canza PIN. Allah ya rufa asiri ko kwabo bai fita ba.

To Play Protect kam ya yi aikinsa, laifin nawa ne. Kuma abin da ya sa nake son shi ya gargaɗe ka ya bar maka zaɓi, don ƙanina yana koyon haɗa manhaja kuma APK yake tura min in gwada mishi.

A watan Agusta 2025 Google ya sanar cewa daga Satumba 2026 sai masu haɗa manhaja sun tantance kansu, ko da ba ta Play Store suke rabawa ba, za a fara da Brazil da Indonesiya da Singapore da Thailand, 2027 a faɗaɗa. Ɓarayi za su ji jiki, na yarda. Amma ƙanina ya riga ya fara tambayata ko shi ma sai ya tura musu katin shaidarsa.