Yaya, ga labarin rufina da inshora tunda kin ce mu nan a banza ake gyara mana

Assalamu alaikum Yaya, ina gida ina yara, ya jikin Inna. Na ga hotunan da kika turo na ɗakin zaure da iskar farkon damina ta yaye, Allah ya mayar da alheri. Amma maganar da kika jefo min a ƙarshen muryar nan, wai ku ai a Amurka in iska ta ɗauke rufi inshora ce take zuwa ta ɗora sabo kana kwance, ita ce ta hana ni barci, don haka ki zauna ki ji yadda aka yi da ni, dama ban taɓa ba ku labarin nan tiryan-tiryan ba don kar hankalin Inna ya tashi.

Ranar Laraba 28 ga Satumban 2022 guguwar da suka sa wa suna Ian ta shigo ta gefenmu, kusa da Fort Myers a jihar Fulorida, iska mai gudun kilomita wajen 240 a awa. Mu da yake muna Lehigh Acres, can ciki nesa da teku, ruwan teku bai iso mu ba, iskar ce dai ta yi mana aiki. Rufin nan ba kwano ba ne irin namu, fale-fale ne na kwalta da ake jerawa a kan katako, to washegari na fito na tarar da su a tsakar gida kamar an zazzage buhun ganye, silin ɗin ɗakin yara ya jiƙe ya yi ciki ya rufto kan katifa. Ba wuta, ba network, sai ƙarar janareta ko'ina kamar Sabon Gari. Sojojin injiniya na gwamnati suna da wani shiri na lulluɓa wa mutane shuɗin tamfol kyauta, da shi muka rufa asiri, unguwa gaba ɗaya ta koma shuɗiya.

Ni kuma a raina ba damuwa, ai ina biyan inshora. Kuma kar ki ce don me nake yi alhali malamai suna da magana a kai, duk wanda ya sayi gida da bashin banki a ƙasar nan dole ne, bankin ne ma yake haɗa kuɗin a cikin abin da yake cira duk wata. Na kira kamfanin inshorar, yarinya mai murya kamar zuma ta ba ni lamba, ta ce Allah sarki sannu. Sati uku sannan mai kimanta ɓarna nasu ya zo, ajasta suke ce masa, daga wata jiha ma aka ɗauko shi. Ya hau tsani, wallahi bai yi minti ashirin a sama ba, ya ɗau hotuna ya sha ruwan da na ba shi ya tafi.

Da takardarsu ta zo sai na ga sun ce ɓarnar gaba ɗaya dala 9,400 ce, wai gyara za a yi ba canji ba, sauran kuma tsufan rufi ne ba iska ba. Sannan aka cire wani abu da ake kira didaktabul, wato kason da kai za ka fara ɗauka kafin su sa hannu. Ni na ɗauka dala dubu ɗaya ne kamar na gobara, ashe na guguwa daban yake, kashi 2 cikin ɗari ne na kuɗin da aka yi wa gidan inshora, ba na ɓarnar ba. Nawa gidan 300,000 aka rubuta, kin ga 6,000 ta tafi kenan. Wasu ma kashi 5 ko 10 ne nasu, sun zaɓa don kuɗin wata ya yi sauƙi. Cek ɗin 3,400 aka turo min. Mai gyaran rufi kuma ya ce shi 24,000 zai sauya shi, silin da fenti da kashe fumfunar da ta fara cin bango wata 7,000.

Duk da haka ni mai godiya ne in na tuna wani abokin aikina a Cape Coral, gidansa bakin magudanar ruwa yake, ruwa ya shigar masa har gwiwa. Aka ce masa ai inshorar gida ba ta biyan ambaliya, wannan takarda ce daban da ake saya, yawanci a hannun shirin gwamnatin tarayya da hukumar agajin gaggawa ta FEMA take kula da shi, wanda aka kafa tun 1968, iyakarsa 250,000 na gini da 100,000 na kaya. Shi bai yanka ba. Ruwan da ya zubo ta sama bayan iska ta huda rufi suna biya, wanda ya taso ta ƙasa ba ruwansu, a kan wannan maganar kaɗai ake ta shari'a tun guguwar Katrina ta 2005. Ki duba fa, ruwa dai ruwa ne ya jiƙa maka katifa amma sai an tantance ta ina ya biyo.

To ni dai na yi ta kiran waya, yau a ce mai riƙe da fayil ɗina ya bar aiki, gobe a ce in sake turo hotunan, mutum huɗu aka canza min. A lokacin kuma ƙofata ba ta hutawa, masu gyaran rufi suna zuwa da takarda su ce sa hannu kawai ka miƙa mana haƙƙinka mu za mu ji da kamfanin. Maman Amira ce ta hana ni, ta ce abin da ba mu karanta ba ba ma sa hannu, kuma gaskiyarta, don daga baya ma jihar ta hana irin wannan miƙa haƙƙin a kan inshorar da aka yanka daga Janairun 2023. Akwai kuma ajasta mai zaman kansa wanda kai kake ɗauka, doka ta ce in dokar ta-ɓaci ce ladansa ba zai wuce kashi 10 na abin da kamfanin ya biya ka ba a shekarar farko. Akwai zaman sasanci da ma'aikatar kuɗi ta jiha take shiryawa, kamfanin ne yake biyan mai sasancin. Na je wannan, ta kwamfuta aka yi, mutuminsu ya ƙara abin da bai taka kara ya karya ba, na ce a'a.

Daga nan ne wani ɗan Gana da muke sallar Juma'a tare ya ce in nemi lauya. Ni da jin lauya sai gabana ya faɗi, kin san mu a gida in aka ce an kai ga lauya to zumunci ya ƙare kuma gona za a sayar. Nan ba haka ba ne, lauyoyi a allon talla suke a bakin titi da lambar waya kamar masu sayar da maganin basir, ganin farko kyauta. Wadda na samu mace ce, ofis ɗinta ɗaki biyu, tana shan kofi a kofin takarda. Ba ta tambaye ni labarin guguwa ba sam, cewa ta yi ina cikakkiyar takardar inshorar, duk shafukan. Ta ɗauki biro ja tana ja wa layi, ta juyo min da ita ta ce karanta nan, sai ga shi a rubuce ƙarara abin da na shekara biyar ina biya ban taɓa buɗewa ba. Ta ce ina hotunan rufin kafin guguwa. Na ce wa zai ɗauki hoton rufi haka kawai. Allah ya taimake ni akwai rahoton mai duba gida na lokacin da na saya, da wani bidiyon sunan Amira da aka ɗauka a tsakar gida, rufin ya fito a baya lafiyarsa ƙalau. Wai bidiyon suna ne ya zama shaida, har ragon yana ciki.

Sharaɗinta ba ko sisi a gaba, in an ci ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku, in ba a ci ba ta yi asara. Ta yi min bayanin cewa a da a Fulorida in ka kai kamfanin inshora kotu ka yi nasara shi ne zai biya lauyanka, amma majalisar jiha ta soke wannan a zaman gaggawa na Disambar 2022, su kamfanonin suna kukan cewa ƙararraki ne suke karya su, kuma lallai shida sun durƙushe a shekarar nan kaɗai. A dokar nan ne kuma aka rage wa'adin kai rahoton ɓarna daga shekara biyu zuwa ɗaya, su kamfanonin kuma aka ce su biya ko su ƙi cikin kwana 60 maimakon 90. Wa ya ci riba a ciki, ni dai na san wanda aljihunsa ya yi kuka.

Ta turo injiniya, shi kam awa biyu ya yi a sama yana ɗaga falen nan ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda iska ta karya manne. Sannan ta aika musu da sanarwar niyyar kai ƙara, dole ne sai an ba su kwana goma na aiki kafin a shiga kotu. Yaya, mutanen da na wata bakwai ina bi, sai ga su da kansu suna nema a zauna. Ko ƙofar kotu ba mu gani ba, an ja an ja aka tsaya a ƙarin 19,500. Ta cire 6,500 nata, aka cire 1,200 na injiniya, 11,800 ta rage min. Ki haɗa da 3,400 ta farko ki ga ko ta kai 24,000. Cek ɗin ma da sunana da sunan banki ya zo, sai da na aika musu suka sa hannu suna sakin kuɗin kaɗan-kaɗan suna turo mai dubawa. Cikon daga adashinmu na 'yan gida na ɗauka, silin kuwa ni da ɗan Ganan nan muka yi shi da hannunmu a ranakun Asabar.

Wata goma sha huɗu muna ƙarƙashin tamfol, sau biyu ina canza shi don rana tana cinye shi. Ku kuma a hoton da kika turo na ga kafin azahar maƙwabta sun tattaro kwanon daga bayan gidan Malam, kafinta yana sama, yara suna miƙa ƙusa, an ma ɗora tukunya. Na san kwanon tsoho ne kuma zai yi yoyo, na kuma san in abin ya yi girma irin na Hadeja a 2022 ko Maiduguri da dam ɗin Alau ya ɓalle a 2024 ba maƙwabcin da zai iya, kowa ta kansa yake sai ɗan abin da hukuma ta raba. Can da a ce akwai takardar da mutum zai riƙe ya ja da ita ko da ta lauya ce, da wasu sun farfaɗo. Na ji akwai masu takaful, wato inshorar Musulunci, yanzu a Kano da Abuja, ki sa Abba ya je ya tambayo nawa suke karɓa a kan shagonsa, amma ya karɓo takardar duka ya turo min in karanta, musamman wajen da aka rubuta abin da ba sa biya.

Kuɗin inshorata kuma ya kusa ninkawa tun daga lokacin, shi ya sa kika ga saƙon wata-wata ya ɗan ja baya, ba mantawa na yi ba. Zan turo na bandir biyu na kwano ranar Juma'a in sha Allah, a sayi mai kauri dan Allah ba irin na wancan karon ba, kuma in an gama ki sa wani yaro ya hau katanga ya ɗauko min hoton rufin ta kowane gefe. A gaishe da Inna.