Gargaɗi ga Manoma Kan Masu Damfara da Sunan Tallafin Ambaliya

Tun daga ambaliyar 2022, wadda ta hallaka mutane fiye da 600 a Najeriya, ta kuma cinye gonakin shinkafa a kwarin Haɗeja da wasu sassan Jigawa, har zuwa ɓallewar madatsar Alau da ta malale Maiduguri a watan Satumba na 2024, manomi ya saba jin cewa gwamnati za ta kawo tallafi. Wannan jiran ne mazambata suka mayar kasuwarsu, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya isar da shi ga iyayenmu na ƙauye waɗanda ba sa shiga intanet.

Wasu suna zuwa ranar kasuwa, su kafa tebur a gindin bishiya, da riga mai tambari da katin shaida a wuya, su ce an turo su rajistar waɗanda ruwa ya ci wa gona, amma sai an biya kuɗin fom. Wasu kuma saƙo suke watsawa a WhatsApp da Facebook, ɗauke da hoton tutar ƙasa da adireshin da za a latsa, a ce rajista za ta rufe cikin kwana biyu. Mafi haɗari shi ne mai kiran waya, wanda zai yi sallama cikin ladabi, ya jajanta maka asarar da ka yi, ya nemi lambar BVN da lambobin katin cirar kuɗi, sannan ya ce ka karanto masa lambar da banki ya turo maka yanzun nan domin a saka maka kuɗinka. Wannan lambar ita ce mabuɗin asusunka, kuma da zarar ka faɗe ta, ɗan abin da ka ajiye na sayen iri da takin noman rani ya tafi.

Tallafin gaskiya ba ta wannan hanya yake zuwa ba. Jami'an Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, da na hukumar agaji ta jiha su ne ke zuwa su duba ɓarnar da idonsu, su tantance sunaye tare da ƙaramar hukuma da masu unguwanni da dagatai, kuma ba a biyan ko sisi kafin a rubuta sunan mutum. Galibi ma kaya ake bayarwa. Rabon da NEMA ta yi a 2023 ga waɗanda ambaliyar 2022 ta shafa ya ƙunshi abinci da iri da taki da injinan ban ruwa da na feshi. Shafukan hukumomin gwamnati kuwa suna ƙarewa ne da .gov.ng, saboda haka a yi hattara da duk adireshin da ba shi da wannan.

Gaskiya ne tallafin yakan yi jinkiri, wani lokaci ma bai kai ga kowa ba, amma wanda ya ce zai saka sunanka ta bayan fage idan ka ba shi wani abu, ba shi da jerin sunayen a hannunsa. Wanda ya riga ya ba da lambobinsa ya garzaya banki a ranar a toshe katin, ya adana lambar wayar da ta kira shi da shaidar tura kuɗin, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda ko hukumar EFCC, kuma ya sanar da mai unguwa domin a yi shela a masallaci kafin mazambatan su isa ƙauye na gaba.